Kwana ɗaya gareka a Dubai: Ferrari World, Motiongate ko IMG?

Tambayar nan an min ita yafi a ƙirga, musamman daga ƴan uwa ƴan kasuwa da ke sauka unguwar Deira ta Dubai, mutum ya gama sarin kayansa a kasuwar Naif ya kai kago, sai ya ga saura kwana ɗaya ko biyu jirginsa ya tashi, sai ya kirani yace wai wane wajen wasa zai je wanda kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Tun da aka dawo da ba ƴan Najeriya biza a watan Yulin 2024 kuma Emirates ta dawo Legas a Oktoban shekarar tambayar ta ƙara yawa. To ni dai mutum ne mai matuƙar son rola kosta, wato wannan jirgin ƙasan na wasa da ke hawa sama ya faɗo ya juya da kai, kuma bari in faɗa tun farko inda na karkata: in dai kostar ce ta kaika, ka shiga mota ka tafi Ferrari World a Abu Dhabi. Amma fa akwai mutanen da wannan shawarar ba tasu bace, shi yasa zan zauna in warware abun dalla dalla.

Kuskuren da mutane ke fara yi shine ƙirga. Su buɗe waya su ga wancan yana da kosta bakwai wannan yana da uku, shikenan sun yanke hukunci. Ba haka ake auna abun ba. Abun tambaya shine a cikinsu guda nawa ne in ka sauko ƙafarka na rawa zaka sake komawa bayan layi ka tsaya da son ranka. Akwai wurin da zaka hau abu goma ka fito baka tuna ko ɗaya ba, akwai kuma inda guda biyu kacal zasu zauna maka a rai shekara da shekaru.

Ferrari World yana tsibirin Yas ne a Abu Dhabi, an buɗe shi a Nuwamban 2010, dab da filin tseren motocin Formula 1 na Yas Marina. Tun daga nesa zaka hango jan rufin nan nasa mai faɗin gaske. Daga Deira ka lissafa sama da awa ɗaya a mota, in kuma ka fito lokacin da kowa ke tafiya aiki to ƙara wani abu a kai. Wannan tafiyar ita ce babban abun da ke hana mutane zuwa, kuma ni a ganina bata kai ta hana ba, titi ne shimfiɗaɗɗe santal.

Abun da kowa ya sani a can shine Formula Rossa. Kamfanin Intamin ne ya ƙera shi, kuma yana ɗaukarka daga tsaye cak zuwa gudun kilomita 240 a awa cikin sakan 4.9. Sake karantawa. Kafin ka gama cewa bismillahi ka riga ka ninka gudun da direba mai hankali ke yi a hanyar Kaduna. Yadda abun ke aiki kuwa, ba inji bane a jikin jirgin, akwai wani ƙaton injin haidirolik a gefe da ke tara ƙarfi, sai ya saki gaba ɗaya ya fizgi igiyar ƙarfe da ke maƙale da ƙasan jirgin, kusan irin dabarar da ake harba jiragen yaƙi daga kan jirgin ruwa. Shi yasa fizgar tasa bata da kama da ta sauran, ba a hankali take zuwa ba, kuma bata sassautawa, kana jin ya kai ƙarshe sai kaji yana ƙara ja, fatar fuskarka na kaɗawa, numfashi ya tsaya maka a ƙirji. Dole sai an baka tabarau ka saka, don a wannan gudun ƙwayar yashi ko ƙaramin ƙwaro in ya daki ido ba wasa bane.

Amma ga gaskiyar da masu talla basa faɗa. Bayan wannan harbawar sai ya hau tudu mai tsayin mita 52 inda akwai birki da ke rage masa gudu, daga nan kuma sauran tafiyar wajen kilomita 2 manyan kwanoni ne masu faɗi a kusa da ƙasa da ƴan tuddai a ƙarshe. Baya juya ka kai ƙasa ko sau ɗaya. Wato Formula Rossa sakan biyar ne na abun da baka taɓa ji ba a rayuwarka, sannan minti ɗaya da wani abu na gudu mai daɗi. Ya cancanci zuwa? Ƙwarai kuwa. Amma ba shi bane sarkin gidan a wajena.

Sarkin gidan Flying Aces ne, wanda aka buɗe a 2016, kuma yana min ciwo yadda mutane ke zuwa su hau Rossa su ɗau hoto su tafi basu ko leƙa shi ba. Shima na Intamin ne. Da farko dai hawan tudun kansa abun kallo ne, tsayinsa mita 63 kuma a miƙe yake sosai, digiri 51, sannan ba irin sarƙar nan mai ƙaƙaƙaƙa a hankali bace, igiya ce ke janka da gudu, kafin ka gama kallon tsibirin da tekun ka riga ka kai ƙoli kuma babu tsayawa, kawai ya karkace ya zuba ƙasa. Gudunsa kilomita 120 ne, rabin na Rossa kenan, amma kaga nan ne zaka gane lamba ba ita ce komai ba. Akwai wani ƙaton zobe mai tsayin mita 52 da zaka ɗauka zai kifa ka, sai yana kaiwa sama ya murɗe ya miƙar da kai, cikinka ya rasa ina ne sama ina ne ƙasa. Daga nan tudu bayan tudu, kowanne yana ɗaga ka daga kujera, abun da ke riƙe da kai ƙarfen cinya ne, sai can ƙarshe ya mirgina da kai sau ɗaya a hankali kamar ana juya waina. Kujeru huɗu ne a jere, biyun gefe sun fita daga saitin layin dogon, ƙafarka na lilo babu komai a ƙasanta. Wallahi wanda ya zauna a kujerar gefe ta layin baya da wanda ya zauna a tsakiya ta gaba kamar ba jirgi ɗaya suka hau ba. Wannan ne kostar da nake iya hawa sau biyar a jere ban ƙoshi ba.

Sauran na gidan sun taimaka amma ba su ne dalilin zuwa ba. Turbo Track na 2017 yana harba ka ta cikin ginin ya fasa rufin ya miƙe sama mita 64 sannan ya dawo da baya, gajere ne ƙwarai. Fiorano GT Challenge jirage biyu ne ke tsere kafaɗa da kafaɗa, yana da daɗi in kun zo ku da yawa kun rabu gida biyu. Mission Ferrari da aka buɗe a farkon 2023 rabi kosta ne rabi kallo a cikin duhu, har da wani wuri da layin ke zamewa da kai gefe. Akwai kuma Formula Rossa Junior na yara.

Yanzu mu dawo Dubai. Motiongate yana cikin rukunin Dubai Parks and Resorts ne a Jebel Ali, an buɗe shi Disambar 2016. Ga wani abu da mutane basu lura da shi: sunansa dai Dubai amma yana can ƙarshen gari ne dab da iyakar Abu Dhabi, wato in ka taso daga Deira ka isa can ka riga ka cinye kusan rabin hanyar Yas. Don haka hujjar wai ai wannan a kusa yake bata da ƙarfi kamar yadda ake zato.

Ta wajen yawa da bambanci kam Motiongate ya yi gaba, wannan ba musu. Capitol Bullet Train na kamfanin Mack na Jamus ne, da maganaɗisu yake harbawa, ya tura ka gaba, ya dawo da kai da baya ka hau wani tsini a miƙe, sannan ya sake harba ka gaba da cikakken ƙarfi ka shiga zobe. Yana da kyau sosai, illarsa kana fara jin daɗi ya ƙare. Madagascar Mad Pursuit a cikin ɗaki mai duhu yake, kuma kar sunan katun ya ruɗe ka, yana da zafi fiye da yadda kake tsammani, ni a wajena ma shine mafi daɗi a wurin. Dragon Gliders kuwa ba don tsoro aka yi shi ba, kujerar na rataye ne a ƙasan layin tana juyawa da kai kana ratsa wuraren da aka ƙawata, sai kuma ka fito kana shawagi a saman mutane, abu ne da zaka hau da ɗanka da matarka kowa ya sauko yana murmushi. A 2022 sun ƙara guda biyu, John Wick Open Contract wanda kujerar ke gefen layi tana wuntsilawa da kanta gwargwadon nauyin waɗanda ke kai, da Now You See Me High Roller mai juyawa kamar katantanwa. Ga Green Hornet, ga na yara a ƙauyen Smurfs. Kaga mutum zai wuni yana hawa abu sabo bai maimaita ba.

To meye matsalar? Babu ko ɗaya a cikinsu da ya kai ƙugun Flying Aces. Dukkansu matsakaita ne masu kyau. In zan kwatanta, Motiongate kamar a kawo maka faranti mai ɗan komai da komai ne, Ferrari World kuma kamar a ajiye maka gasasshen rago guda da ƴan kayan haɗi a gefe. Wanda bai taɓa hawa babbar kosta ba, wanda iyakarsa lilon Sallah da ƴan motocin karo, gaskiya Motiongate zai fi masa, don zai fara daga ƙarami yana hawa mataki mataki yana gane abun da jikinsa ke ɗauka. Na ga mutanen da suka fara da Rossa kai tsaye suka sauko suka nemi benci, ranar basu ƙara hawa komai ba, kuɗin tikiti ya tafi kenan a abu ɗaya.

Akwai abun da ke ƙara wa ɓangaren Jebel Ali nauyi, kuma nasan zai taɓa zuciyar mutanenmu ta fuska biyu. A da akwai Bollywood Parks a wurin, wanda duk mai son finafinan Indiya zai so ya gani, to an rufe shi a Afrilun 2023, har yanzu ina jin mutane na cewa zasu je, dan Allah ku daina sa rai. A gurbinsa aka buɗe Real Madrid World a 2024. Ko kai ɗan Barcelona ne ka daure ka shiga saboda abu biyu: kostar katako mai suna Hala Madrid, wadda ita ce irinta ta farko a yankin, da kuma lilon Stars Flyer mai tsayin mita 140. Kostar katako daban take, tana da wata girgiza da ƙara da ta ƙarfe bata da su, kana jin katakon na amsawa a ƙarƙashinka, wasu na ganin tsohon yayi ne amma mu masu son abun muna bin ta ƙasa ƙasa. Tunda ana sayar da tikitin shiga wuri biyu a rana ɗaya, haɗa Motiongate da Real Madrid World shine abu ɗaya tilo a Dubai da yake sa in tsaya in yi tunani kafin in ce Yas. Legoland ma yana nan a rukunin, amma na yara ne ƴan shekara 2 zuwa 12, babba ba abun da zai samu sai rakiya.

Saura IMG Worlds of Adventure, wanda aka buɗe a Agustan 2016 a kan titin Sheikh Mohammed bin Zayed. Shine mafi kusa da cikin gari a ukun, kuma gaba ɗayansa a cikin gini ɗaya yake mai esi. Yana da Velociraptor, na Mack, irin ƙirar Blue Fire ne da ke Europa-Park a Jamus, yana harba ka zuwa kilomita 100 cikin sakan 2.5 ya fita da kai waje cikin rana ya juya ka sau huɗu ya dawo da kai cikin sanyi. Kosta ce mai laushi mai daɗi, murɗawar ƙarshen nan tana fizge ka daga kujera yadda ya kamata, kuma in aka ce in jera na Dubai kaɗai to tana sahun gaba. Akwai Predator wanda ke hawa da kai a miƙe kana kwance kana kallon rufi sannan ya faɗo fiye da a miƙe, wato ya ɗan shige ciki, da kuma na Spider-Man mai juyawa. Shikenan fa, uku. Mai son kosta zalla zai gama da wurin cikin awa uku in ba cunkoso. Sauran abubuwan na masu son Marvel da Cartoon Network ne, kuma samari ƴan shekara goma sha wani abu suna son wurin ba kaɗan ba.

Inda IMG ke cin kowa shine watan da ka je. Daga Yuni zuwa Satumba zafin ƙasar tasu yana haura digiri 40, kuma ba irin namu na Sakkwato ko Maiduguri bane busasshe, wannan da danshin teku yake zuwa, ka fito minti biyar rigarka ta jiƙe sharkaf. Motiongate galibinsa a fili yake in ka cire ɓangaren DreamWorks da ke cikin gini, don haka a irin waɗannan watannin sai dai ka je da yamma. Ferrari World ya samu tsaka tsaki, layin jira da wurin hawa duk a cikin esi suke, jirgin ne kawai ke fita waje minti biyu ya dawo. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa lissafin ya canza, iska mai daɗi, Motiongate da daddare da fitilunsa abun sha'awa ne.

Maganar iyali ita ce ke rikita lissafin Ferrari World. Formula Rossa sai mai tsayin santimita 140, kuma sanda ce ake gwadawa ba shekaru ba, ba kuma roƙo ko lallashi, don lafiyar yaron ake yi. In ka zo da yara ƴan shekara biyar shida zasu samu ƴan abubuwansu amma wurin ba don su aka gina ba. Maganin wannan a tsibirin yake: Warner Bros. World da aka buɗe a Yulin 2018 yana nan kusa, duka a cikin gini, kuma ta wajen ƙawa da tsari ban ga wanda ya kama ƙafarsa a ƙasar ba, rufin kansa an yi shi kamar sararin sama, kowane ɓangare da irin lokacinsa, Gotham, wato garin Batman, kullum dare ne. Kostocinsa biyu ne na iyali, na Tom and Jerry da Fast and Furry-ous. Ga SeaWorld na 2023 da kostarsa Manta wadda ta bani mamaki ƙwarai, ƙarama ce a ido amma tana ɗaga mutum daga kujera ba ƙaƙƙautawa. Suma suna da tikitin haɗaka na wuri biyu, uku ko huɗu. Don haka mai kwana biyu da iyali, ya kama ɗaki a Yas kawai, rana ɗaya ta yara rana ɗaya ta manya, in da sauran lokaci ya biya babban masallacin Sheikh Zayed tunda ba nisa.

Kuɗin shiga kuwa duk kusan jirgi ɗaya ne ya kwaso su, ka tanadi wajen dirham 300 zuwa sama ga mutum ɗaya a wuri ɗaya, kuma saye ta intanet kafin ka je yakan fi sauƙi akan saye a ƙofa. Bambancin gaske a kuɗin mota yake. Kai kaɗai a tasi daga Deira zuwa Yas ka dawo zai iya fin kuɗin tikitin, amma in kun kai huɗu kuka raba abun ya zo da sauƙi. Tikitin tsallake layi kuma ni bana ba da shawarar saye tun daga gida, ka bari ka shiga ka ga yadda layin yake. Ka tuna tun Janairun 2022 hutun ƙarshen makonsu ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a rabin rana, to Litinin zuwa Alhamis in ba hutun makaranta ake ba sau da yawa zaka samu wuraren sakayau.

Wasu ƙananan abubuwa da suka shafe mu: wurin sallah da alwala akwai a dukkansu, abinci ma ba fargaba. Babbar riga da hula ka barsu a masauki, ka saka wani abu da ya kama jiki da takalmi mai rufi, silifas zai tashi. Ƴan uwa mata, mayafi mai yawo baya tafiya da waɗannan abubuwan, a saka hijabi ƙarami wanda za a iya cusa bakinsa cikin riga, kuma a guji allura mai tsini. Waya da makulli a loka. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko baya, da mai juna biyu, allon gargaɗin nan da ke bakin layi daku yake, dan Allah kar a yi jarumta. Sannan kar ka cika ciki da biryani ka nufi abun da ke juyawa, ka bari sai ka gama.

Abu na ƙarshe mai muhimmanci, duk kostar da zaka je dominta ka duba shafin wurin da safe kafin ka fito ka tabbatar tana aiki. Injina ne, ana rufe su don gyara, iska mai ƙarfi ma tana tsayar da waɗanda ke waje. Formula Rossa kansa ya yi watanni a rufe a 2024 ana masa aiki. Kuma in wani ya ce maka ai Saudiyya ta gina kostar Falcons Flight a Qiddiya kusa da Riyadh wadda aka tsara ta kai gudun kilomita 250, gaskiya ne, amma wannan wata tafiyar ce daban da wata bizar, bai rage komai daga fizgar Rossa ba.

In Allah ya kaika Ferrari World ga yadda zaka yi. Ka isa kafin a buɗe ƙofa, ka fara da Fiorano don jikinka ya ɗumama, ka wuce Rossa tun layin bai yi tsawo ba kuma ka jira kujerar gaba ko da zata ƙara maka minti goma sha biyar, don a can ne iskar ke dukanka ba wanda ya tare maka. Daga nan ka sha ruwa ka huta kaɗan, ka nufi Flying Aces, ka roƙi ma'aikacin ya baka layin baya, kujerar gefe.